JININ ƊAN WANZAMI

Shafi na 23

Masu cika mini waya da saƙo wai na bar Rabe zaune bakin shinge na tafi barci, ku yi haƙuri, ni ma mutum ce, tukunyata na kan wuta. Ke kuma da kika ce in kashe Gwaggo Talatu kowa ya huta, baiwar Allah, rai ba a hannuna yake ba. Ku gyara zama.

*

Gaisuwar mutane ta fi ci wa Rabe rai fiye da ciwon kansa. Tun da ya dawo daga asibitin Zariya, inda likitoci suka ce sankarar jini ce ta kama shi, babu wanda ya ƙara ce masa "Direba, yaya hanya?" Kowa sai "ya jiki," da murya ƙasa-ƙasa kamar an zo ta'aziyya. In ya ce da sauƙi, sai a bi shi da kallo a girgiza kai.

Mutumin da ya yi shekaru yana jan roka, babbar motar kaya, tsakanin Jibiya da Maraɗi, shi ne yau yake wuni a kan bencin mai shayi kusa da shingen kwastan na Magama. Kuma a wane lokaci? Lokacin da kuɗin fetur suka ɓalle a ƙasa, motoci suka yi layi har ba ka ganin ƙarshensu, siminti da atamfa na fita, shanu da wake na shigowa. Sa'o'insa duk sun yi rufin kwano, wasu sun sayi babur Basfa suna tayar wa mutane ƙura. Shi ko abin da ya samu fuska ce da ta kumbura saboda ƙwayoyi, da kai wanda gashinsa ya zube ya dawo tsilli-tsilli.

Likita ya ce ciwon ya kwanta, amma barci ya yi, kada a tashe shi. Ya sha ƙwaya kullum, ya koma Zariya duk wata a duba jini, in ya yi ƙasa a ƙara masa. Sai doka guda da aka maimaita masa har ya gaji da ji: kada ƙarfe ya taɓa fatarsa. Ba tsaga, ba ƙaho, domin jininsa in ya fara zuba bai san tsayawa ba.

To, wa aka kafa wa wannan doka? Ɗan Lado Wanzami, wanda rabin mutanen Jibiya askarsa ce ta yi musu askin suna.

Ga bazara ta kankama. Duk shekara kafin ruwa ya sauka, uban kan zaunar da shi a kan turmi ya kafa masa ƙaho a ƙeya da baya, a ɗebe mataccen jini, ya tashi sakayau. Bana shekara ta biyu ke nan ba a yi ba. Kansa na sarawa, kafaɗunsa sun yi nauyi, ga wasu baƙaƙen tabo sun fara fito masa a ƙafa ba tare da ya bugu ba.

Gwaggo Talatu, ƙanwar ubansa, ita kam ta gama yanke hukunci tuni. Kullum ta shigo gidan wa'azinta ɗaya ne: wace mahaukaciya ce ke tatsar sabon nono a ƙwaryar da ba a wanke ba? Nasara sai ƙara jini suke a kan ruɓaɓɓe, ba su ɗebe komai ba. Kuma jinin wa? Wa ya sani ko na ɗan fursuna ne, ko na mashayin burkutu. Da fari Rabe dariya yake mata. Yanzu in ya kwanta sai ya ji tsigar jikinsa na tashi, yana tunanin jinin wani ƙato da bai sani ba na yawo a jikinsa.

Ranar kasuwa ce abin ya kai masa maƙura. Ya tari ubangidansa Alhaji Arzika, mai motocin, ya roƙe shi ko zuwa ɗaya ne a ba shi mota ya gwada hannunsa. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya dafa kafaɗarsa a hankali kamar mai taɓa ƙwai, ya ce ya ji da jikinsa tukuna, ai mota ba ta gudu. A gaban 'yan dako ya faɗa, kuma duk suka sunkuyar da kai don tausayi. Wallahi da zaginsa Alhaji ya yi da ya fi masa sauƙi.

Ya shiga gida ko sallama bai gama ba. Matarsa Zalika, 'yar Maraɗi, wadda ta yi jinyarsa a Zariya tana kwana a kan tabarma ƙarƙashin gado, ta taso da ƙwaya a tafin hannu da ruwa a moɗa, don ya fita da safe bai sha ba.

"Aje ta."

"Maigida, rana ta yi."

"Na ce ki aje. Mi ta yi mani? Ta maida ni mota? Ta maida ni mutum?"

"Ta bar ka da rai."

"Wannan shi ne rai?"

Ta dai bi shi da ido lokacin da ya cire rigarsa mai kyau ya saka wata tsohuwa, ya yagi tsumma ya cusa a aljihu. Matar da ta zauna a gidan wanzami ba sai an gaya mata abin da namiji zai yi da tsohuwar riga da tsumma ba. Ta sha gabansa, ta tuna masa abin da lokotoro ya ce, haka take kiran likita irin na mutanen Nijar. Ya ce lokotoron ba a jikinsa yake kwana ba, ya raɓa ta ya wuce.

A zaure ya tarar da Lado zaune a kan buzu, yana wasa aska a jikin fata, zabirarsa ta kayan aiki a gefe.

Sai kun tuna Rabe ɗan fari ne. Tun da aka haife shi uban bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa dubansa ido cikin ido ba, saboda kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. In zai yi masa magana sai ya fuskanci bango, ko ya ce "a gaya wa wancan." Da can Rabe bai damu ba, ya san al'ada ce. Amma tun da ya kwanta a Zariya wata da watanni uban bai leƙo ko sau ɗaya ba, sai abin ya zame masa ƙaya a zuciya.

Ya durƙusa.

"Baba, ƙaho ni ke so."

Askar ta ci gaba da kai-komo a kan fata.

"A hwaɗa ma mai son ƙaho, babu."

"Baba, ni da kai ne kaɗai a zauren nan. Wa za ya hwaɗa mani?"

Lado ya ci gaba da wasa askarsa.

"Jiya ka yi ma mutum uku a nan wurin, ina gani. Ɗiyan wasu. Ni da ka haifa kana kallo jini ya mutu a jikina. Ka san abin da ake cewa a tasha? Wanzami ba ya son jarfa. Wai kana tsaga na mutane, naka ka miƙa ma Nasara."

"Su ce."

"Kai ne ka rantse gaban jama'a ƙafarka ba ta taka asibiti, don na ƙi maganinka na bi nasu. To ka cika rantsuwa. Na yi ta kallon ƙofa a Zariya har na daina. Maƙwabta sun zo, 'yan tasha sun zo. Yanzu abu guda da ke hannunka na roƙa, shi ma babu?"

Hannun tsohon ya tsaya. Rabe ya zaci zai juyo. Sai kawai ya ninke askar ya jefa a zabira, ya ce wa bango ko sama da ƙasa za su haɗu, ƙarfensa ba zai hau wannan bayan ba.

Rabe ya miƙe jiri na ɗibarsa, ya ce to ai ba shi kaɗai ne wanzami a duniya ba. Ya faɗa ne don ya ji wa uban ciwo, kuma ya san ya ji.

Bayan layin motoci, can gefen da direbobin Nijar ke yada zango kafin su wuce duwan, wato kwastan ɗinsu, akwai wata bishiyar bedi. Nan Inusa ke zama duk ranar kasuwa, wanzami ne daga Maraɗi, dattijo mai fara'a. Bai san Rabe ba. Ya nuna masa kututture ya ce ya tuɓe riga.

Yana ganin bayan sai ya dakata. Ya bi tsofaffin tabon ƙaho da yatsa, layi-layi, gajeru, a jere kamar an auna.

"Wanga hannun Lado na. Babu mai tsaga haka in ba shi ba."

Ya mayar da ƙahon da ya ɗauko. Ya ce su wanzamai ba sa shiga gonar juna. Bayan da Lado ya saba yi, shi ba zai taɓa ba sai da izininsa, ko don kada askarsa ta dakushe a hannunsa.

Nan fa Rabe ya yi abin da ko ni mai ba ku labari na ji kunyarsa. Ya ce ai Lado ubansa ne, kuma shi ya turo shi, domin idon tsohon ya fara rauni, hannunsa na rawa. Ya faɗa da ƙarfi, a gaban direbobi da 'yan dako da ke jiran aski. Mutumin da duk abincinsa a kan ido da hannu yake! Zancen Zariya kuwa ko da wasa bai tayar ba.

Inusa ya yi salati, ya ce Allah sarki, tsufa ba ya barin kowa. Ya kafa ƙaho a ƙasan kafaɗar dama, ya zuƙa, ya toshe bakin da danƙo. Haka ake yi, a fara jan fata ta taso, sannan a ɗaga a tsaga a mayar.

Da ya ɗaga, wurin ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Inusa ya ja baya. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin fata ta yi haka daga zuƙa ɗaya ba. Masu jira suka taso suka kewaye, kowa na leƙe. Wani ya ce ai wannan mataccen jini ne ya taru har ya rasa hanya, wani ya ce bawan Allah ya yi sa'a da ya zo yau, da ya ƙara mako sai dai wani ba shi ba. Babu ko mutum ɗaya a wurin da ya ga alamar tsayawa. Kowa alamar a yi sauri ya gani.

"Ka ji ko?" in ji Rabe. "Ɗebe shi. Ba nawa ba ne ma, na wani ne aka ɗura mani."

Inusa ya yi bisimilla ya sa aska.

Ƙananan tsaga ne, sharr, sharr, ko zafi babu. Rabe ya lumshe ido. Rabonsa da ya ji daɗi irin wannan tun kafin ciwo: ga shi zaune cikin maza, ana masa abin da ake wa kowa, babu mai ce masa ya jiki.

Bai ji takun kowa ba. Ya dai ji askar ta bar bayansa.

Lado ne riƙe da wuyan hannun Inusa. Babu hula a kansa, zabira rataye a kafaɗa, yana haki. A bayansa Zalika, ba takalmi, mayafi a karkace. Matar da tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba, in ta ji tarinsa sai ta canja hanya, yau ita ta shiga zaure ta tsaya a kansa ta ce ya tashi.

"Ka tsaga?"

"Wuri guda ɗai," in ji Inusa. "Ya ce kai ka turo shi. Ya ce idonka..."

Bai ƙarasa ba. Lado ya fizgi tsumman da ke hannun Rabe ya danna a kan wurin, ya ce wa Inusa ya riƙe da ƙarfi kada ya ɗaga. Sannan ya zagayo gaba.

Rabe kunya ta kama shi, kuma kun san mai kunya a gaban jama'a sai ta koma masa faɗa.

"Mi ya kawo ka? Ka ce ƙarfenka ba ya hawa bayana, to bai hau ba. Jikina ne. Na gaji da yawo da jinin wani ƙato da ban sani ba!"

Zalika ta buɗe baki, tsohon ya ɗaga mata hannu. Ya naɗe hannun rigarsa har sama da gwiwar hannu, ya miƙa a gaban fuskar ɗansa. A lanƙwasar akwai ɗigo-ɗigon tabon allura, wasu sun tsufa, ɗaya bai gama bajewa ba.

"Ga ƙaton."

Rabe ya dubi hannun, ya dubi matarsa. Hawaye take, tana gyaɗa kai.

Ita ta ƙarasa zancen, don shi tsohon ya kasa. Lokacin da aka ce sai dangi sun ba da jini, an gwada na ƙannen Rabe bai zo daidai ba. Washegari ta fito ɗibar ruwa ta ga Baba tsaye a layin masu bayarwa, ya ja rawani ya rufe fuska. Ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Tun daga nan, duk lokacin da aka ce jinin ya yi ƙasa, sai Baba ya ce a gida yana da askin suna a Gangara ko Farfaru, ya hau wata motar daban ya bi bayansu. Na watan jiya ma shi ne. Likita har faɗa ya yi masa, ya ce shekarunsa sun ja kuma ya cika zuwa, ya ce a ɗiba kawai.

"Ka zo Zariya," in ji Rabe. "Ka zo, ba ka shigo ba?"

Lado ya juya ga bishiyar bedi, yadda ya saba juyawa ga bango.

"Na zo bakin taga. Na hango kan da ni ke askewa tun yana yaro, tal, ba gashi ko ɗaya, kuma ba aska ta ɗauke shi ba. Ƙafata ta ƙi shiga."

Ya ci gaba, fuskarsa na ga bishiyar.

"Likitan ya nuna mani wani da aka yi ma tsaga a ƙauye, aka kawo shi a makare. Na ga abin da ƙarfe ke yi ma irinku. Shekara nawa ina zubar da jinin mutane a rami ina rufewa da ƙasa, in ce masu cuta ta tahi. In hito in ce jini magani ne, har na kai nawa an sa a kwalba? Wa za ya ƙara zama gabana? Na yi shiru. Na ce gara a ce ba ni son ɗana."

Rabe ya so ya ce wani abu, ko "Baba" ne, sai ya ji wani ɗumi na bin gadon bayansa zuwa ƙugun wando.

"Malam Lado," in ji Inusa a hankali. "Tsumman ya jiƙe."

Tsohon ya koma baya da sauri. Ya ture hannun Inusa ya ɗaga. Tsagar ba ta kai tsawon farce ba, amma jinin na tsattsafowa a nitse, ba gaggawa, ba kuma alamar tsayawa. Ya zazzage zabira a ƙasa, ya ɗauko ƙullin garin da yake tsayar da jinin kaciya da shi, wanda bai taɓa ba shi kunya ba. Ya barbaɗa ya danne. Jinin ya jiƙa garin ya biyo ta ƙarƙashin yatsunsa. Ya tofa addu'a ya ƙara wani. Jinin ya sake biyowa.

Ya cire rigarsa, dattijo a tsakiyar kasuwa, ya dunƙule ta ya danna da hannu biyu. Ya ɗaga kai yana neman mota. Motoci kam ga su nan birjik, hanci da wutsiya tun daga shinge har kwanar gari, dukkansu sun fuskanci Nijar, sun cushe hanyar ko keke ba zai ratsa zuwa Katsina ba.

Zalika ta ruga wajen direbobi tana roƙo da harshen garinsu a ja baya, a buɗe hanya. Wani ya ce makullin na hannun mai motar, ya tafi salla. Wani ya ce in ya fita daga layi ya rasa wurinsa.

Rabe ya ga bishiyar ta fara juyawa. Kansa ya yi gaba.

Tsohon ya tare shi da ƙirji, hannu ɗaya na danne da rigar da ta riga ta rine, ɗayan ya kama haɓarsa ya ɗago fuskar. Ya dube shi ido cikin ido.

"Rabe."

Mutanen Jibiya da ke wurin suka dubi juna. Ba su taɓa jin sunan a bakinsa ba, shi ma mai sunan bai taɓa ji ba.

"Rabe, buɗe ido ka dube ni. Akwai saura a jikina, wallahi akwai saura. Ka dai daure mu kai Zariya."